Hannun Daman Mai Aski

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, kujerarsa ta shagon aski take zaune ba kowa. Dogo, abokin sana'arsa da suka buɗe shagon tare tun Auta tana rarrafe, ya rantse ba mai hawanta sai mai ita. To amma watanni sun ja, masu jiran aski sun yi wa mutum ɗaya yawa, ga wani matashi da ya koyo aikin a wani gari yana ta zarya yana neman wurin tsayawa. Dogo bai iya faɗa wa Baba a ido ba. Sai ya tari Umma a bakin ƙofa, Auta tana shanyar kaya tana jin su, ya ce in watan nan ya ƙare hannun bai dawo ba, shi kam ba yadda zai yi.

Ƙafa ta dawo, Baba yana takawa da sanda. Baki ma ya miƙe, sai ɗan karkacewa in ya yi dariya. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suna nan a lanƙwashe kamar mai ɓoye abu, babban yatsan kuwa sai ya ga dama yake motsi. Likitar gashin ƙashi ta ce a riƙa sa su aiki, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya ce shi ba jariri ba ne, ƙwallon ya ƙare a ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka Yaya, babban ɗansa da ke tuƙin babbar mota a nesa, ya aiko da gem, wata 'yar na'urar wasa, ta hannun wani abokin aikinsa. Wani ɗan abu ne baƙi mai faɗin tafin hannu biyu, gilashi a tsakiya, madannai dama da hagu. Yaya ya ce a waya an gaya masa irin wannan yana tayar da yatsu, wasa biyu ne a ciki, Auta ta kunna wa Baba. Auta ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Makaranta ma ba ta yi nisa ba, rubutun da ke fitowa a gilashin kuma na wani yare ne. Da lalube ta gano inda ake shiga.

Na farkon farautar dodanni ne. Wani ɗan mutum ya bayyana a bakin tanti, da takobin da ya fi shi tsawo a baya, gashinsa a tsaitsaye kamar tsintsiya. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya wane mara tsoron Allah ne ya yi wa yaron nan aski. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, Auta ta lura rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin asibiti. Daji ya buɗe, ga ruwa yana gudu, ga ciyawa tana kaɗawa kamar gaske. Baba ya ce ikon Allah, duk wannan a cikin abin da bai kai faranti ba. Can sai dodon ya fito daga bayan dutse, wani ƙadangare mai girman ɗaki, da geza har ƙasa. Baba ya ce wannan ma a kawo masa shi shago.

Sai dai wasan hannu biyu yake so. Na hagu ne ke tafiyar da mafaraucin, na dama ke sara. Ɗan mutumin ya taka da kyau har gaban dodon, ya tsaya ƙerere, takobi a baya. Baba ya danna, ya ciji leɓe ya sake dannawa, yatsan ya zame gefe. Dodon ya kaɗa wutsiya ya yi jifa da shi. Aka mayar da shi tanti, ya sake fita, aka sake jifa da shi.

"Ni ne wannan," in ji Baba. "Ƙafa tana zuwa, hannu ya ce ba da shi ba."

Ya miƙa mata abin ya juya fuska bango.

Washegari Auta ta lallaɓa shi ya gwada ɗayan, wasan kiɗa. Shi wannan ba dodo ba daji. Kiɗa ne ke tashi, wasu ɗigo-ɗigo masu launi suna gangarowa, in sun iso kan wani layi sai ka danna daidai da bugun gangar. Kafin a fara, layin rubutu biyu ne ke fitowa. Ta zaɓi na sama. Ɗigon suka yi ta wucewa Baba yana bin su a makare, kiɗan yana yankewa kamar rediyo mai mataccen batir, wata 'yar tsana da ke rawa a gefe ta tsaya ta sunkuyar da kai. Auta ta ga idonsa ya fara ja. Da sauri ta karɓa ta koma baya, ta ce bari a gwada na ƙasan, wataƙila shi ne na masu koyo.

Kiɗan ya tashi. Baba ya danna, tauraro ya fashe a gilashin. Ya sake dannawa, wani ya fashe. Kiɗan bai yanke ba har ƙarshe, 'yar tsanar ta yi ta juyi, taurari suka cika fuskar abin. Baba ya ɗago ya kalli Auta baki buɗe, ya kalli yatsansa. Ya ce ta sake sa masa.

Daga ranar gidan ya canja. Da hantsi yana baranda da gem, da la'asar yana nan, in caji ya ƙare ya zauna kusa da soket yana jira kamar mai gadin mara lafiya. Abincin da ake mayarwa rabi ya fara cinyewa. Duk maƙwabcin da ya leƙo dubiya sai an nuna masa taurari. Waƙoƙi masu sauri ma, waɗanda ɗigon ke zubowa kamar ruwan sama, Baba bai kuskure ko ɗaya. Ya ce ashe hannun ba mutuwa ya yi ba, kiɗa yake jira. Umma ta fito da farar rigarsa ta aiki ta wanke ta goge. Aka aika wa Dogo cewa mai kujera yana nan tafe.

Wata la'asar aka yi sallama a waje. Baba ya ajiye gem a hannun kujera, waƙa tana tsaka, ya ɗauki sanda ya fita. Auta tana shara a barandar. Ta ji kiɗan bai yanke ba, ta matso ta leƙa. Ɗigon suna gangarowa, taurari suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, ba yatsan kowa a kai. Ta tsaya da tsintsiya a hannu har waƙar ta ƙare, 'yar tsanar ta yi tsalle ta tafa.

Ta shiga ɗaki ta kira Yaya. Da farko dariya ya yi, ya ce ai layin ƙasan na kallo ne, abin ne ke buga kansa don mutum ya ga yadda ake yi. Da ta gaya masa an riga an aika wa Dogo, sai dariyar ta tsaya, tana jin ƙarar motoci ta wajensa. Daga baya ya ce ta bar shi kawai, tsohon yana jin daɗi, kuma ai ko ba komai yatsan yana motsi, wa ya sani. Ya ce ana kiransa, ya kashe.

Auta ba mai magana ba ce tun tana ƙarama. In baƙi sun zo, bayan labule take gaishe su. Ta yi ta juya maganar a ciki, ta shirya ta, in ta zo gaban Baba sai ta tarar yana kaɗa kai yana murmushin nan nasa mai karkata, sai ta tambaye shi ko a kawo ruwa. Ta gwada ta wata hanya, ta ce ko za a sake taɓa layin saman. Ya ce me zai koma yi wa lalatacce. Ta ce to ko zai fara gwada injin aski a gida, ko a kan wani daga cikin maƙwabta. Ya kalle ta ta saman tabarau, ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki, ba a tsakar gida za a yi masa jarrabawa ba. Ta je wurin Umma a kicin, ta same ta tana rera kiɗan gem ɗin a hanci tana wanke-wanke, ta juyo ta fita.

Ranar komawa Auta ce ta riƙe jakar kayan aiki. Shagon yana nan yadda ta san shi, madubi mai tsage a kusurwa, warin hoda da man gashi, fanka tana juyi tana kaɗa gashin da ke ƙasa. Dogo ya rungume Baba ya ce ango ya dawo. A kan benci Mai Faci ne zaune, tsohon mai zuwa wurin Baba, wanda ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa kai tun kwanciyarsa. Ya cire hula ya nuna, ya ce a duba yadda aka mayar da shi, jikokinsa har gudu suke yi. Baba ya ce ya ga irinsa a gem, da wutsiya kawai ya fi shi. Aka yi dariya. Auta ta rakuɓe kusa da ƙofa da jakar a ƙirji.

Baba ya yafa wa Mai Faci zane da hannun hagu, Dogo ya taya shi ɗaurewa kamar ba da gangan ba. Baba ya sa injin a hannun dama, ya naɗe yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya, ya kunna. Injin ya ɗauki kyarma, hannun ya ɗauka tare da shi. Bi na farko a ƙeya ya tafi, ba laifi. Da aka zo bayan kunne, inda babban yatsa ke juya injin, yatsan bai juya ba. Injin ya haura sama da kansa, ya buɗe hanya fara tas har tsakiyar kai, ya suɓuce ya faɗi a siminti. Bakin injin ya ɓalle, ya ci gaba da kuka yana zagaye a ƙasa har Dogo ya cire wayarsa daga soket.

Mai Faci ya juya kai ya duba madubi, ya shafa wurin.

"A kwashe duka kawai," ya ce. "Dama zafi ake yi."

Dogo ya ɗauko nasa injin ya ƙarasa. Baba ya zauna a benci da farar rigarsa, ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa.

Suka kamo hanya shi da Auta har suka kusa gida. Sannan ya fara magana, ba da ita ba, da kansa. Ya ce abin da mamaki, da safen nan ya buga mai saurin nan bai kuskure ba. Ya ce nauyin injin ne, ko kyarmar, bai saba ba. Zai ƙara ƙaimi a gem, ya roƙi Dogo ya ɗaga masa ƙafa, jibi ya dawo da almakashi da reza, su ba sa kyarma. Auta ta tuna inda reza take bi, maƙogwaro da bayan kunne.

Da suka shiga, Umma ta fito da fara'a, ta ga fuskokinsu, ta koma. Baba ya zauna a baranda ya ce a miƙo masa gem. Auta ta ɗauko, amma ba ta ba shi ba. Ta jawo ɗan tebur gabansa ta ajiye, ta zaɓi layin ƙasan, ta mayar da hannuwanta baya ta tsaya kanta a ƙasa.

Kiɗan ya tashi. Baba ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya tsaya. Tauraro ya fashe. Wani ya fashe. Ya janye hannun a hankali. Bai ɗauke ido ba har waƙar ta kai ƙarshe.

"Tun yaushe kika sani?"

"An kwana biyu, Baba."

"Yayanki fa?"

Ta gyaɗa kai. Ta jira faɗa, ta ma so a yi mata, amma bai yi ba. Ya cire tabarau ya ninke da hannun hagu. Ya fara ɓalle maɓallan farar rigar, hannu ɗaya bai iya ba, ta matso za ta taya shi ya ce ta bari. Ya daɗe a kan kowanne.

Da ya gama ya ce ta koma shago yanzu, kafin Dogo ya rasa yadda zai fara maganar. Ta ce wa Dogo ya kira yaron nan mai neman wurin tsayawa. Almakashin da ke cikin jakar masu kyau ne, a ba yaron, kada su yi tsatsa a gida.

Auta ta ɗauki jakar ta fita. Ko da ta isa, Dogo yana share gashin Mai Faci. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakar a ƙirji. Ya dube ta, ya dubi jakar, ya jingine tsintsiyar ya miƙo hannu ya karɓa.