Ladanin da ya ba gabas baya

Mahama ya banko ƙofar ɗakin liman har kwanon rufi ya amsa. Shekara goma sha tara yana kiran salla a wannan ƙaramin masallaci na unguwar Maamobi, yau kuma wai an kira shi ya zo ya yi bayani kamar ɓarawon takalmi.

Maƙwabcinsa Mika'ilu, mai sayar da kayan mota a kasuwar Circle, yana zaune gefen liman, ya haɗe rai sai ka ce shi aka cuta.

"Malam, wallahi da idona na gan shi," in ji Mika'ilu. "Goshi a ƙasa, bisa darduma, ya ba gabas baya. Ba kabbara, ba komai. Wa yake ma sujada?"

Haushi ya turnuƙe Mahama. Shekara biyu ke nan bayansa ya riƙe, yana salla a kan kujerar roba, babu wanda ya ce masa sannu. Sai da Allah ya haɗa shi da Nashiru, mai gashin ƙashi a wani asibiti a unguwar Adabraka, wanda ke yi masa tausa duk Talata, ya kuma koya masa wani irin miƙe jiki da ake kira yoga. Laifin Mahama bai wuce ƙanƙantar ɗakinsa ba. Tsakanin gado da taga ne kawai mutum zai iya miƙewa, tagar kuwa yamma take kallo. Shimfiɗa kuma ba shi da wata sai dardumar salla.

"Magani ne, Malam! Motsa jiki ne!" Ya nuna Mika'ilu da yatsa. "Kai mai leƙen tagar mutane, ka taɓa leƙowa ka ce yaya baya?"

Liman ya ɗaga hannu. "Baba Mahama, ni na yarda da kai. Amma magana ta kai har unguwar Nima. Jama'a sun ce ba su amsa kiran mai yin abin masu gumaka. Ka bar motsa jikin nan kawai, kowa ya huta."

"In bar shi, in koma kujera?"

"Kujera ba haramun ba ce."

Mahama ya dube shi ya daɗe. Yana son kiran sallar nan kamar ransa, kowa ya sani. Ya zaro makullin akwatin lasifika daga aljihu, ya dangwarar a gaban liman, ya fita bai yi sallama ba.

Da la'asar wani ne ya kira salla, murya duk a shaƙe. Mahama ya shigo a makare, ya tsaya a sahun ƙarshe, kusa da takalma, har yanzu zuciyarsa na tafasa. Liman ya yi kabbara, jama'a suka duƙa. Shi ma ya duƙa, a hankali, yana jiran ciwon ya soke shi. Shiru. Ya kai goshinsa ƙasa, ya ji sanyin siminti ta cikin tabarma.

Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, shi kam bai yi saurin ɗagowa ba.