Abin da Mai Aski Ya Faɗa

"Alhamdulillahi," in ji Mai Aski, karo na uku ke nan.

Tafinta ta ajiye biro. 'Yar ƙasarsu ce, ba za ta girmi autarsa ba, ofishin 'yan gudun hijira ya ɗauke ta tana juya magana. Jami'in da ke bayan tebur ya tambayi yadda zama ya kasance a garinsu bayan yaƙi ya shigo, yana jiran amsa da yatsu a kan kwamfuta.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "nan fa ba gaisuwa ake yi ba. In ka ce lafiya lau, lafiya lau zai rubuta. A hana ka takardar zama, a ce ka koma inda lafiyar take."

"To me kike so in ce, 'yata? In kai ƙarar Ubangijina wurin bawansa?"

"Ba ƙara ba ce, Baba. Labari ne."

Mutumin da ko ranar da aka binne mahaifiyarsa da godiya ya amsa gaisuwa, yau shi ake so ya zauna ya zayyana wahala gaban baƙon ido. Amma uwar yara na zaune a waje kan benci, rungume da jakar magungunanta, kuma a garin da suka baro ko asibitin bai tsira ba.

Ya ce to, zai fara daga shago.

Kujera ɗaya ce, da madubin da ya tsage a kusurwa, da dogon benci. Da an yi la'asar bencin ya cika. Aski dai hujja ce, musu ake zuwa yi. Amininsa Mai Agogo, wanda bai taɓa yarda da magana ba sai ya kwance ta ya duba cikinta, shi ke tono faɗan. Limamin unguwa ya kawo aya, direba ya kawo abin da ya ji a rediyo, malamin makaranta, da ba Musulmi ba ne, ya jefa tambayar da za ta sa liman gyara zama. A yi ta kai ruwa rana har a kira magariba. Masu salla su tashi, malamin ya tsare musu shago. Doka ɗaya ce a wurin, ba a musu in aska na kan wuyan mutum. Wallahi yana kewar hayaniyar nan fiye da yadda yake kewar gidansa.

Sai masu bindiga suka shigo, kowa na cewa don Allah yake yi. Benci ya fara yin faɗi. Waɗanda suka rage suka koma hirar ƙwallo da tsadar mai.

Jami'in ya yi tambaya, tafinta ta juya masa. "Ya ce me ka faɗa da har suka neme ka?"

Mai Aski ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya sunkuyo kamar mai neman aron kuɗi a cikin jama'a.

"Ɗaga murya, Baba. Ba wanda zai taɓa ka a nan."

Ya yi gyaran murya. "Ranar da suka harbe malamin makaranta, ina tsakiyar aski bakina ya ƙi rufuwa. Na ce duk wanda ya kashe maƙwabcinsa yana kabbara, ya yi wa Allah ƙarya. Kwana uku tsakani suka cinna wa shagon wuta da tsakar rana. Suka bar saƙo wai saura mai shi."

Ta juya maganar. Jami'in ya buga, ko kai bai ɗaga ba. Maganar da ta ci masa aikin shekara arba'in, a nan layi biyu ta zama. Ya rasa ko daɗi zai ji ko takaici.

"Ya ce ka san wanda ya kai musu maganar? In da suna, Baba, hujjarka ta yi ƙarfi sosai. Suna da jerin mutanen da suke bincika."

Ya sani mana. Ɗan Mai Agogo ne, wanda tun ana riƙe masa kai yana kuka yake yi masa aski. Yunwa da tsoro suka tura shi cikin masu bindigar. Uban ya rasu a wata na biyar na yaƙin. Ɗan kuma, an ce shi ma daga baya ya gudu, yana wani sansani da mata da 'ya'ya biyu, yana jiran irin wannan takardar a gaban irin wannan teburin.

Mai Aski ya shiga murza hularsa a kan gwiwa. Ta ƙofar gilashi yana hango uwar yara ta fara gyangyaɗi.

Tafinta ta tausaya masa. Ta ce wa jami'in wani abu gajere, shi kuma ya fara bugawa.

"Me kika gaya masa?"

"Na ce ba ka sani ba. Ya fi sauƙi, Baba. In ka ce ka sani kuma ka ƙi faɗa, za su iya jinkirta takardar. Ƙila ma su hana."

Ya dube ta. Sannan ya sa hularsa, ya gyara mata zama.

"A'a, 'yata. Ce masa ya goge. Na sani sarai, faɗa ne ba zan yi ba. Haka zai rubuta."