Wayar Baba Mai Jita

"Har yanzu tana kuka," in ji Baba Mai Jita, ya ajiye wayar jitarsa a kan teburina, tsakanin wani rediyo da na farke da gwangwanin ƙusoshi. "Ka sake dubawa, Injiniya. Jiya da yamma kamar ƙudan zuma ya shige sifika."

Karo na uku ke nan a mako guda. Na ture tabarau sama na dube shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannunsa na hagu kuma yana cikin aljihu.

Shagona na gyaran kayan sauti da ɗakinsa bango ɗaya ne ya raba su. Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka, kuma ba na jin mun yi wata guda cur ba mu yi gardama a kan wayar nan ba. Doguwa ce, an lulluɓe ta da saƙar zare ruwan ƙasa, ta yi laushi saboda hannu. Da ita yake haɗa jitarsa da tsohuwar amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti, tun yana saurayi, lokacin da su biyar suke kiɗa a wani otal kowace Asabar. Sauran huɗun duk sun riga mu gidan gaskiya.

Shi a wurinsa wayar nan tana da zaƙi. Ni kuwa nakan ce masa, "Baba, jan ƙarfe jan ƙarfe ne. In dai rigar cikin tana tare hayaniya, kawunan sun kama sosai, tsawon bai wuce kima ba, ta kasuwa ma haka za ta yi maka."

"Kai da mita kake ji," yakan ce. "Ni da kunne."

Wata shekara har gwaji muka yi. Na ɓuya bayan labule ina sauya wayoyi, shi yana kaɗawa yana faɗin wacce ce tasa. Sau shida muka yi, ya canka uku. Da na faɗa masa, sai ya ce labulen ne ya shanye sautin, kuma ni ma ban da gaskiya a fuska. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin ƙofa.

Ranar nan dai na ɗora mitar awon lantarki a kan wayar, na lanƙwasa ta gaba da baya, allura ba ta ko motsa ba. Na kwance kawunan biyu, dalmar da na sa shekaranjiya tana nan tana ƙyalli. Aiki ya yi mini yawa, mai rediyon ya aiko sau biyu, zafi kuma ya ishe ni.

"Mu je in ji da kunnena," na ce.

Ɗakinsa yana nan yadda na san shi: gado, kujerar katako mai matashi ɗaya, amfilifaya a kan bulo biyu saboda damshi, hoton samari biyar da faffaɗan wando a bango. Ya zauna, ya rungumi jitar, ya fara. Hannun dama yana nan da ƙwarewarsa. Na hagun ne na tsaya ina kallo. Yatsun suna hawa tsirkiya amma ba sa danne ta, sai ta riƙa karkarwa a kan ƙarafan wuyan jitar. Kukan da yake ji ke nan.

Na karɓi jitar. Ban iya kiɗa ba, amma na danna tsirkiya ɗaya da ƙarfi na kaɗa. Sauti ya fito tas.

"Baba, wayarka lafiyarta ƙalau," na ce. "Hannunka ne."

Ya dubi yatsunsa kamar na wani ne aka ba shi ajiya, sannan ya mayar da su aljihu.

"To, Injiniya. Na gode. Je ka ga aikinka."

Kwana tara ban ji kiɗa ta bango ba. Da can, da zarar rana ta yi sanyi sai ya fara, ni kuma in rage ƙarar duk abin da nake gwadawa. Ban san na saba da hakan ba sai da na kama kaina ina rage ƙara babu dalili.

A rana ta goma 'yarsa ta shigo shagon. Malamar makaranta ce, a hannuna ta girma, Kawu take ce mini.

"Kawu, me ya haɗa ku da Baba? Abinci sai na yi da gaske yake cin cokali uku. Likita ya ce ɓarin hagun ne ya fara saki, kuma zuciyar ma ta gaji. Na ce ya ɗan taɓa jitar ko zai ji daɗi, ya ce in tura ta ƙarƙashin gado."

Gaskiya na faɗa masa, amma na faɗe ta ne don in koma kan rediyon wani.

"In ya yi barcin rana, ki miƙo mini jitar ta taga," na ce. "Da wayar."

Har dare ina kanta. Na cire tsirkiyoyinsa masu kauri na sa sirara, na sauke su har suka kusa kwanciya a kan wuyan, yadda ko ɗan taɓi ya isa. Na goge sababbin da tsumma mai ɗan maiƙo don kada ƙyallinsu ya tona ni. Wayar kuwa ban taɓa ta ba, illa na naɗa sabon tef baƙi a kai ɗaya.

Washegari da hantsi na yi sallama. Yana kishingiɗe, an tokare shi da matasai.

"Baba, na zo ba da haƙuri. Ka fi ni gaskiya. Na farke wayar sosai, ashe silin ciki ya tsinke a kusa da kai. Mita ba ta gani ba."

Ya daɗe yana kallona.

"Mita ba ta gani ba," ya maimaita. "Shekara nawa ina faɗa maka?"

'Yarsa ta taimaka muka zaunar da shi. Na kunna amfilifayar, muka jira ta yi ɗumi. Ya ɗora yatsun a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Sautin farko ya fito sumul. Ya tsaya, ya sake. Sai ya shiga wani kiɗa mai tafiyar hawainiya wanda ban taɓa ji ba a duk shekarun nan. 'Yarsa ta ce mini daga baya da shi suke rufe wasa a otal, lokacin da ake kife kujeru a kan tebura.

Ya yi kuskure nan da can, bai damu ba. Da ya gama yana haki, ya ce, "Ka ji zaƙin?"

"Na ji, Baba."

"Ta kasuwa za ta yi haka?"

"Ba za ta yi ba."

"A rubuta a ajiye," ya ce wa 'yarsa. "Yau Injiniya ya sallama."

Kwana goma sha shida ya ƙara. Kullum yakan yi kiɗa, wata rana minti goma, wata rana biyu. Ranar Talata da safe ina buɗe shago na ji ya fara, ya yi ɗan abin da ya yi, ya tsaya. Na ɗauka hutawa yake. Can sai na ji muryar 'yarsa tana kiran "Baba, Baba," a hankali, sannan ta ƙwanƙwasa bangon.

Sai da yamma, bayan mun dawo daga raka shi makwancinsa, mutane sun ragu, ta kira ni ɗakin.

"Kawu, zo ka kashe abin nan. Ban san inda ake taɓawa ba, ina tsoron in lalata." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka san ya gane, ko? Tun ranar ya ce mini, 'Injiniya ya sauke mini tsirkiya, yana zaton ban sani ba. Kada ki faɗa masa, zai ji kunya.'"

Na durƙusa gaban amfilifayar. Tun safe take a kunne, babu wanda ya lura. Samanta ya yi ɗumi, tana ɗan gurnani ƙasa-ƙasa. Na kai hannu baya na danna makunnin. Ta cikin ramukan murfin ina ganin ƙananan kwalaben da ke cikinta masu jan haske, suna dusashewa kaɗan-kaɗan. Muka tsaya ni da ita, har ta ƙarshen ta mutu.