Fastocin Bangon Kawu

An gama zaɓe, wanda ya ci ya tafi, wanda ya faɗi ya ɓace, aka bar fuskokinsu suna yi wa layi murmushi daga kowane bango, yagaggun kuma sun toshe kwata. Duba-gari bai nemi ɗan takara ko ɗaya ba. Masu shaguna ya tara, ya ce duk bangon da ya dawo ya tarar da fasta a jikinsa, kwaɗo zai sa wa shagon.

Wata tela mai shago a layin ta ƙulu. Ba ita ta liƙa ba, amma da keken ɗinkin nan take ciyar da 'ya'yanta. Da yamma ta ɓare na sama har farcenta ya yi tsami, ta bar tsofaffin da suka kama siminti sai gobe. Da safe ta tarar da sababbi a kansu, gam ɗin ko bushewa bai yi ba.

Maƙwabcinta mai walda ta fara zargi, don shi ya yi ta yawo da hular jam'iyya.

"Maƙwabci, mutuminka fa ya faɗi. Ko ba a gaya maka ba?"

"Anti, ni da hular ma ta koma tsumman goge hannu? Duba da kyau. Ni zan jera nawa da abokin hamayyarsa? Ga wani can ma kansa a ƙasa."

Ta ja da baya ta duba. Fastocin ba su cika bangon ba, layi ɗaya suka bi, daga kusurwar taga a karkace har ƙasa. Wanda ya liƙa su ba fuskokin ne suka dame shi ba, wurin ne.

Sai ga kawunta, mai ginin, ya iso da sauri.

"Bar su, 'yata, ruwan sama zai wanke."

"Duba-gari fa, Kawu?"

"Ni zan ji da shi."

Idonta ya sauka a hannun rigarsa, rigar da ita ta ɗinka masa. Gam ya bushe a jiki. Ta kawo ruwan zafi ta jiƙa bangon, ta ari ƙarfe wurin mai walda, ta kankare har siminti. Tsaga ce ta fito, mai faɗin da hannu zai shiga. Ta cikinta tana hango kekenta, da bencin da yaranta ke zama in sun taso daga makaranta.

Kawu ya rage murya. "In duba-gari ya ga wannan, ba shagonki kaɗai ba, ginin gaba ɗaya zai rufe. Ina za ki yi ɗinkin?"

"A bakin titi, Kawu. Can babu abin da zai faɗo musu."

Ta juya wajen mai walda. "Kama min keken mu fitar."

Da suka ajiye shi a waje, ta koma ta ci gaba da kankare fastocin.