Wasali Ɗaya Tsakanin Gardama da Wuƙa

Karen maƙwabcina kafinta ne ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa da hantsi, ya fita da rabin gashin bayan Gardama a baki. Gardama kaza ce, ita kaɗai ta rage cikin kajin marigayiya matata. Ita ta raɗa mata sunan, wai halinmu ɗaya.

A bayan randar ruwa na same ta, fatar gadon bayanta ta ɗaye kamar bangon tsohon littafi, nama a fili, ido ɗaya a rufe. Ɗakina cike yake da littattafai, amma da alama babu marubucin da ya taɓa riƙe kaza.

Kafinta ya shigo ba da haƙuri, da wuƙa a hannu.

"Malam, a hanzarta kafin ta zama mushe."

"Karenka ya fara, kai ka zo ƙarasawa. Gidanku akwai haɗin kai."

Na kira 'yata, wadda take aikin jinya a wani gari, na gaya mata abin da ya faru, na ƙara sautin wayar don shi ma ya ji.

"Baba, kada ka ɓata lokaci," in ji ta. "Abu na farko, ka yank..."

Layin ne ya yanke.

"Ka ji ko?" in ji kafinta. "Yanka ta ce."

"Yanke ta ce. A yanke gashin bakin ciwon."

"Kai ka ji ƙarshen?"

Ban ji ba. Shi ma bai ji ba. Na sake kira, muryar inji ta ce in gwada an jima, sai ka ce kazar ta yi alkawarin jira. Na tsaya ina juya kalmar a baki, har na rasa wacce ce ta fi kama da 'yata. Yarinyar tana da tausayi, amma tausayin ma'aikatan asibiti iri biyu ne.

"Riƙe mini ita," na ce.

Ya riƙe, har da miƙe mata wuya. Na shiga ɗaki na jawo aljihun keken ɗinkin da ban taɓa ba tun rasuwar, na fito da almakashi.

"Da wannan ake yanka a littattafanku?"

Na datse gashin da jini ya manne. Na wanke ciwon da ruwan ɗumi mai gishiri, ban san ko ya yi yawa ba. Na shafa zuma, na mayar da fatar inda nake zaton nan ne wurinta.

"Gishiri, yanzu kuma zuma. Malam, jinya kake ko girki?"

Na sa ta a kwali, na lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙudaje.

Da yamma 'yata ta kira, layin yana ƙarar ruwa.

"Baba, ka yi abin da na ce?"

"Na yanke."

"Madalla. Haka Mama za ta so."

Na buɗe baki in tambaye ta wanne ta ji, sai na fasa. A cikin kwali Gardama ta ɗaga kai daga murfin da na zuba mata ruwa, ta dube ni da idon da ya buɗe, ta sare ni a babban yatsa.