Kayan Sauka a Brisbane

Clarrie Dunstan ya hau jirgin ruwan shaƙatawa sau ashirin da uku, duk tare da matarsa Noelene. Wannan na ashirin da huɗun shi kaɗai ya hau, don ta rasu bara da damina.

Tafiyar ba ta jin daɗi ba ce zalla. 'Yarsa Raelene, wadda ke auren Gavin a Perth, ta daɗe tana matsa masa ya sayar da gidansa na Bundaberg ya koma wurinta, ga ɗaki nan a bayan gida. Sau biyu maƙwabta suna buga mata waya, sau ɗaya ya bar tukunya a wuta, sau ɗaya kuma ya kulle kansa a waje. Da gardama ta yi tsawo sai ta ce, "To Baba, tunda ka ce kana iya riƙe kanka, je ka yi tafiyar kwana tara a jirgin ruwa kai kaɗai. In ka dawo lafiya ba wani tashin hankali, ba zan ƙara tayar da maganar gida ba. In kuwa aka samu matsala, ka san sauran." Ya amsa nan take. A tudu yana iya mance makulli, amma jirgin ruwa ai gidansa ne.

Kuma gaskiya ya san jirgi. Shekara talatin da takwas yana tuƙa ƙaramin jirgin ƙasa mai jan rake zuwa masana'antar sukari, kuma tun da ya ajiye aiki bai san wani hutu ba sai na teku. Ya nemi teburin mutum takwas a ɗakin cin abinci, kamar yadda suka saba, tebur ɗaya da mutane ɗaya kowace yamma har a dawo. Tun kafin a kawo miya ya fara.

"Ɗakinku ina yake? Can gaba? Kash. Wani karon ku nemi na tsakiya, ƙasa-ƙasa, nan ne ba ya rawa. In cikinku ya fara juyawa ku ci koren tuffa, ko ku tauna citta. Kuma in mun sauka Noumea, ku bi agogon jirgi, kar ku bi na waya. Jirgi ba ya jiran kowa."

Wasu ango da amarya daga Ipswich suka yi ta gyaɗa kai. Ya gaya musu bangon ɗaki ƙarfe ne, da sun zo da maganaɗisu da sun rataye hulunansu. Ya gaya musu kar su sayi tikitin yawon da jirgi ke shiryawa a Port Vila, su taka kaɗan su ɗauki ƙaramar bas. A da, in ya kai nan, Noelene kan taɓa masa gwiwa a ƙarƙashin tebur, ta juya ta tambayi mutane sunayen jikokinsu. Yanzu ba mai taɓa gwiwar, sai ya yi ta zuba har aka kwashe kwanuka.

Washegari ango da amarya suka nemi a sauya musu tebur. Kwana na uku wasu mata biyu 'yan'uwan juna suka ce sun fi son cin abinci a sama, wurin ɗiba da kanka. A kwana na huɗu wasu biyun ma suka bi sahu, kujeru shida babu kowa, saura shi da Merv Tuckey.

Merv ƙato ne, tsohon mai aske gashin tumaki daga Longreach, bai taɓa ganin teku da kyau ba sai wannan tafiya da ya ci a wata gasar ƙungiyarsu. Kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai da na'urar ji. Shi ya laƙaba wa Clarrie suna Kyaftin.

"Kyaftin, yau wace doka za a karanta mana?"

"Ba doka ba ce, shawara ce. Gobe tsibirin Lifou, jirgi ba ya isa gaɓa, sai da kwale-kwale. Ka fita da sassafe kafin layi."

"Kai dai ka fita. Ni na ga yashi, garinmu ba abin da muke da shi sai shi." Sai ya sa yatsa ya kashe na'urar kunnensa a gaban idon Clarrie, ya ja farantin nama.

Haka kwanakin suka tafi. Da safe Clarrie kan zagaya benen jirgi sau huɗu, ya zauna a kujerar da ke fuskantar baya inda ruwa ke yin farin layi. A Lifou ya sauka a kwale-kwalen farko kamar yadda ya ce, ya isa gaɓa ba layi, ya zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa har rana ta take. Ya sayi kwakwa guda, mai sayarwa ta ba shi tsinken zuƙa guda biyu, ya mayar mata da ɗaya. Kowace yamma yana aika wa Raelene saƙo: Komai lafiya, na sha magani. Ita kuma ta aiko da hoton babban yatsa.

Yammar ƙarshe, ana cin abinci, ya tuna wa Merv ƙa'idar sauka. Kowa zai haɗa akwatinsa ya manna masa takarda mai launi, ya ajiye a bakin ƙofa kafin ya kwanta. Ma'aikata su kwashe, da safe ka tarar da kayanka a ƙasa, a zauren kwastan.

"In ajiye jakata a hanya kamar shara?" in ji Merv. "Allah ya kiyaye. Jaka ɗaya ce, da hannuna na shigo da ita, da hannuna zan fita."

"Za ka sha wahala a lif, mutumina. Sau ashirin da uku ina wannan abu."

"Na sha wahalar rago mai kilo ɗari. Ci kifinka, Kyaftin."

Clarrie ya koma ɗaki ya yi shiri irin na mai son a yaba masa. Ya sa kayan barci. Ya naɗe rigar da ya ci abinci da ita, ya naɗe wando, ya cusa safa cikin takalma ya jera su a gefen akwati. Ya buɗe kabad ya duba, ya ja kowace durowa, ya leƙa ƙarƙashin gado. Ko ƙyalle bai bari ba. Ya zuge akwati, ya manna koriyar takarda, ya tura shi waje.

Da gari ya waye jirgi ya riga ya ɗaure a Brisbane. Ya tashi ya wanke fuska, ya aske gemu, ya juya ga kujerar da ke gefen madubi don ya ɗauki kayansa. Ba komai a kujerar.

Ya tsaya yana kallonta. Duk safiyar sauka, sau ashirin da uku, a nan yake tarar da riga da wando a shimfiɗe, takalma a ƙasa, bel a naɗe a kai. Bai taɓa tambayar kansa yadda suke zuwa wurin ba. Shi ne mai zuge akwati, shi ne mai manna takarda. Ashe kafin ya zuge, akwai hannun da ke zare kayan gobe ya ajiye gefe, ba tare da an ce masa komai ba.

Ya zauna a bakin gado cikin wandon barci mai ratsin shuɗi da silifas ɗin wanka. Ya ɗan jima a haka kafin ya ɗaga wayar ɗaki.

"Yallaɓai, akwatuna duk sun sauka tun asuba," in ji matar da ta amsa, da ladabi. "Ba a dawo da su sai an wuce kwastan."

"Kantin tufafi fa?"

"Ba ma buɗewa in muna tasha, yallaɓai. Ka yi haƙuri. Yana faruwa, wasu haka suke sauka."

Wayar hannunsa ta yi ƙara. Raelene ce: Baba, na iso tun jiya. Ina sama bakin gilashi, ina hango gadar saukowa. Ka ɗago min hannu.

Ya san gadar nan. Doguwa ce, gilashi hagu da dama, ba inda mutum zai ɓuya. Ya hango kansa a kanta da wandon barci, ya hango ɗakin bayan gida a Perth, da allon sayarwa a ƙofar gidan da Noelene ta shuka mangwaro.

Lambar ɗaki ɗaya kawai ya sani a duk jirgin, ita ma don ya taɓa kushe ɗakin ne, ya ce yana ƙarƙashin filin rawa. Ya bi matakala hawa huɗu don kar ya shiga lif, yana raɓewa jikin bango, mutane da jakunkunansu suna kauda kai. Ya buga ƙofa. Ya sake bugawa da ƙarfi, ya tuna kunnen.

Merv ya buɗe da buroshi a baki. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya cire buroshin a hankali.

"Kyaftin. Wannan kuma shawara ta nawa ce?"

"Na sa komai a akwati."

"Komai?"

"Har takalma."

Merv ya yi dariya har ya dafa ƙofa, kumfa na zuba a haɓarsa. Clarrie ya tsaya yana jira ta ƙare. Da ta ƙi ƙarewa sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Matata ce ke cire min. Ban sani ba sai yau. Kuma 'yata na ƙasa tana kallon gada. In ta gan ni haka, gidana ya tafi."

Merv ya goge baki da bayan hannu. Ya murɗa na'urar kunnensa, ya ce, "Shigo, tsoho, kar ka tsorata mutane."

Ya zazzage jakarsa a kan gado. Wando ɗaya ne mai tsabta, kuma mutum biyu irin Clarrie za su shiga ciki. Suka naɗe ƙafafun sau uku, suka zare igiyar wandon barci suka ɗaure ƙugu. Riga kuwa sai wadda Merv ya saya a Port Vila, ja mai manyan furanni rawaya, ta sauko ta rufe igiyar har cinya. Takalma kuwa na aiki ne da Merv ya taho da su a jaka, suka cusa musu takardun sanarwar jirgi a baki har suka kama.

"Ka yi kyau," in ji Merv. "Kamar labulen otal."

"Zan aiko maka da su. Ba ni adireshi."

"Ka riƙe. Wandon ya matse ni, rigar kuma mijin ƙanwata na saya wa, ba na ƙaunarsa."

Suka sauka tare. A kan gada Clarrie ya ɗaga ƙafa da kyau don kar takalmi ya zame, ya hango Raelene can sama tana ɗaga hannu, ya ɗaga mata. Ya tarar da akwatinsa cikin layin masu koriyar takarda, ya ja shi ya wuce kwastan bai buɗe ba.

"Baba!" Ta rungume shi, ta ja baya tana dariya. "Wace irin riga ce wannan? Da Mama na nan, da ba ta bar ka ka fito da ita ba."

Kafin ya haɗa amsa Merv ya iso da jakarsa a kafaɗa. "Ke ce 'yar? Musaya muka yi, 'yata, al'adar jirgi ce. Ubanki shi ya riƙe teburinmu kwana tara. Ba don shi ba da yanzu ina can wani tsibiri ina bin agogon waya." Ya daki kafaɗar Clarrie. "Sai wata rana, Kyaftin." Ya nufi wurin bas-bas, bai waiwayo ba, taron mutane ya rufe shi.

A motar da ta ɗauko haya, Raelene ta yi ta satar kallonsa. Wandon na ƙarƙashin jakar hannu da ya ɗora a cinya.

"Har aboki ka yi. To Baba, tsakani da Allah, ba abin da ya faru? Ba ka ɓata ba, ba ka mance komai ba?"

Ya buɗe baki. Maganar kujerar nan ta zo masa har maƙogwaro, kuma a duk duniya ba wanda zai gane ta sai wannan da ke riƙe da sitiyari. Da ya faɗa, da sun yi dariya, wataƙila su yi kuka, ta ce ai ita ma haka Mama ke yi mata da kayan makaranta.

"Ko ɗaya," ya ce.

Ta sauke numfashi mai tsawo, kafaɗunta suka sauka. "Alƙawari alƙawari ne. Ka zauna a gidanka. Gaskiya ma Gavin zai ji daɗi, ya cika ɗakin nan da kayan motsa jikinsa, na rasa yadda zan ce ya kwashe." Ta yi dariya, shi ma ya taya ta.

Jirgin saman da za ta koma Perth ƙarfe biyu ne, don haka ba su samu zama cin abinci ba. Ta sauke shi a tashar jirgin ƙasa, ta sumbace shi a kumatu ta tagar mota, ta ce zai ji ta ran Lahadi. Ya tsaya har motar ta sha kwana.

Ya samu kujerar taga. Awa huɗu da rabi ne zuwa Bundaberg, kuma har aka isa ba wanda ya zauna kusa da shi.