Wurin Da Hannu Ba Ya Kaiwa

Gurasar ta suɓuce daga hannun Holmat ta faɗa cikin garwashi. Ya tsaya da rabin jikinsa a cikin tanderu yana kallon ta tana yin baƙi. Ba ita ce ta farko ba a safiyar. Da zarar ya miƙa hannun dama zai manna kwaɓi a bango, sai wani abu ya soke shi a ƙarƙashin allon kafaɗa, ya bi wuya har bayan kunne, yatsu su saki abin da suka riƙe.

Duk unguwarmu a garin Margilan gurasar Holmat muka ci muka girma, kuma ciwon nan mun san shi kamar yadda muka san tarinsa. Wani ƙulli ne a tsokar bayansa, bai fi ƙwallon dabino ba. Matarsa Tojiniso ce kaɗai ke iya masa. Kullum bayan la'asar sai ya yi rubda ciki a gadon katakon da ke ƙarƙashin inabin tsakar gida, ita kuma ta kafa masa gwiwar hannu a wurin, ba laluba, ba tambaya. Ta kan katanga muke jiyo su.

"A hankali, Maman Zebo! Mutum ne fa, ba kwaɓi ba."

"Kwaɓi ai ya fi ka jin magana. Sau nawa zan ce ka daina sungumar buhun fulawa da hannu ɗaya? Kai ga saurayi ko?"

"To, na ji."

"Ba ka ji ba. Kwanta!"

Iyakar soyayyarsu ke nan da muka sani, kuma wallahi ta fi ta waɗansu masu kiran juna da sunaye masu zaƙi. Holmat ba mai magana ba ne. Duk abin da zai faɗa wa matarsa, sai fuskarsa na kife a matashi yake iya faɗa.

Tojiniso ta rasu lokacin da inabi ke nuna. Aka yi zaman makoki, aka watse, gidan ya yi masa girma. Amma bai daina kwanciyar la'asar ba. Idan ciwon ya motsa sai ya kife, ya ce, "Ga shi nan ya tashi, Maman Zebo." Daga nan sai mu ji shiru, can sai mu ji ya ce, "To, na ji." Babu wanda ya yi dariya a cikinmu. Mun gane cewa ciwon ne ke kawo masa muryarta, da faɗan da komai.

'Yarsa Zebo, wadda ke aure can birnin Tashkent, ba ta ga abin haka ba.

"Baba, an ce gurasa na faɗuwa daga hannunka," in ji ta a waya. "Wata rana kai ne za ka bi ta cikin wutar. Ko dai ka je asibiti a yi maka allurar nan ta sakin tsoka, ko mu sayar da gidan ka dawo wurinmu. Ga ɗaki nan a sama, har da taga."

Holmat ya taɓa ganin tagar. Bangon wani bene take kallo.

Haka ya sanya hular da yake fita da ita ya tafi asibitin unguwa. Likitan, Sanjar, matashi ne mai fara'a, irin masu yi wa tsofaffi magana da ƙarfi ko da kunnensu lafiya lau. Ya kira shi da "aka", wato yaya, yadda muke girmama na gaba da mu.

"Holmat-aka, ba abin tsoro ba ne. Zan laluba da yatsa in samo ƙullin, in soka masa siririyar allura da ɗan ruwan kashe zafi. In na dace da tsakiyarsa, tsokar za ta yi zillo, sai ta saki. Ku nuna min wurin."

Holmat ya kai hannu ta saman kafaɗa, bai kai ba. Ya zagayo da shi ta ƙasa, bai kai ba. Ya tsaya tsirara daga ƙugu zuwa sama, hannu a murɗe a baya, sai a lokacin ya gane cewa shi kansa bai san inda wurin yake ba. Bai taɓa bukatar sani ba.

"A gida wa ke danna muku?"

"Mai dannawar ta yi tafiya."

Likita ya rage murya. Ya sa shi ya kife, ya bi bayan da babban yatsa a hankali, har ya faɗa kan ƙullin. Holmat ya ja numfashi ya riƙe. Tun ranar jana'iza, in ban da musafaha a masallaci, babu hannun da ya taɓa jikinsa. Allura ta shiga, tsoka ta yi zillo.

"Yauwa! Wannan tsohon ƙulli ne, ya girme ni ma. Ku dawo mako mai zuwa mu ƙara ɗaya, sai ku manta kun taɓa saninsa."

Likita bai yi ƙarya ba. Da tsamin allurar ya wuce, hannu ya miƙe, gurasa ta daina faɗuwa. Mu masu saye muka yi ta barka. Shi kuwa mai bayan, da la'asar ya kife a gadonsa ya jira. Ciwon ya zo, amma a raunane, kamar baƙon da bai tabbata gidan ba ne. Ya kira Maman Zebo, ya kasa kunne. Faɗan nata can nesa yake jin sa, rabi ya iso, rabi bai iso ba. Ya tashi zaune. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka ɗauke ta.

Mako ya zagayo, bai koma ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce aiki ne ya yi yawa, shi da tanderunsa ke hucewa tun kafin azahar. A hankali ƙullin ya sake ɗaurewa, muryar ta dawo tangaram, Holmat har da ƙiba ya yi. Sai dai gurasa ta koma faɗuwa, rannan kuma da ya kai hannu zai cafe wata, wuta ta lashe masa damtse. A unguwarmu labari ba ya bukatar kuɗin mota. Kafin magariba Zebo ta ji.

"Ranar Juma'a muna tafe da mota, Baba. Ka haɗa kayanka."

"In na je allurar fa?"

"In likita ya ce ka warke, sai mu bar ka."

A gidan nan ne gadon katakon yake, da inabin da ta shuka. A jikinsa kuma ciwon yake. Dole ya saki ɗaya.

"Maraba da ɗan gudun hijira!" in ji Sanjar da ya gan shi. "Na ce ko allurar ce ta ba ku tsoro."

Holmat ya cire riga ya kife. Yatsan likita ya tafi kai tsaye ya sauka a wurin.

"Nan ne ko?"

"A'a. Ƙara nema."

Likita ya yi sama, ya yi ƙasa, ya dawo. "Holmat-aka, ai ga shi nan ina jin sa a ƙarƙashin yatsana."

"To danna. Da ƙarfi. Ba haka ba, ɗana, da gwiwar hannu."

Sanjar ya dubi farar ƙeyar tsohon. Ya naɗe hannun riga, ya kafa gwiwar hannu, ya sakar masa nauyinsa. Ya daɗe a haka, ga mutane na jira a waje. Can ya ji tsohon ya yi magana a cikin matashi.

"To, na ji."

"Me kuka ce?"

"Ba da kai nake ba. Yi allurarka."

Wannan karon ƙullin ya tafi gaba ɗaya. Zebo ta yi murna, aka fasa zuwa da mota. Gurasar Holmat ta koma yadda muka san ta, tsakiya a ƙame, gefe a kumbure.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, na leƙa ta katanga na gan shi a kife ƙarƙashin inabin. Ya daɗe bai motsa ba.

"Holmat-aka, yaya bayan?"

"Ya warke."

"Alhamdu lillahi!"

"Haka ne," in ji shi.

Ya tashi ya nufi rumfar tanderu, inda buhunan fulawa ke jingine. Ba lokacin kwaɓi ba ne, ba kuma inda zai kai su. Ya zaɓi wanda ya fi cika, ya maida hannun hagu baya, ya sungume shi da na dama kaɗai. Ya tsaya a tsakar gida da buhun, ya karkata kai gefe, yana saurare.